Allurar Wata Tara Ta Daina Zama Ta Sallama

In ka tambayi uwa a ƙasar Hausa labarin rigakafin ɗanta, amsar da ka fi ji ita ce, "Ai ya gama, an yi masa ta wata tara." Da ta faɗi haka zance ya ƙare. Katin ma daga ranar yake komawa ƙasan akwati, ƙarƙashin atamfofin da ba a ɗinka ba, ba mai sake waiwayarsa. A da kuwa gaskiyarta ce. Sau biyar ake zuwa asibiti: bayan haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, sai wata 9 a yi ta ƙyanda a sallami yaro. Haka iyayenmu suka sani, haka suka koya wa 'ya'yansu da surukansu. Ma'aikatan lafiya da yawa ma a kan wannan lissafin aka horar da su.

Jadawalin da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, wato NPHCDA, take aiki da shi yau ya wuce nan. Akwai zango a wata 15, akwai wani a shekara 9 ga 'ya'ya mata, a wasu jihohin kuma an cusa zuwa uku tsakanin wata 5 da wata 7. Lokacin da Najeriya ta shiga shirin rigakafi na duniya a ƙarshen shekarun 1970, cututtuka shida aka sa a gaba: tarin fuka, shan inna, mashaƙo, tarin shiƙa, tetanus mai sarƙe haƙora, da ƙyanda. Yau in ka ƙirga har da maleriya, sun kai 15.

Ƙarin nan iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne gundarin maganar. Akwai wanda ya hau kan ranakun da aka saba. A 2012 aka kawo Penta, allura ɗaya mai ɗauke da kariya biyar, har da ta mashaƙo. A ƙarshen 2014 ta ciwon huhu ta shigo, a 2015 allurar shan inna ta zo ta tallafa wa ɗigon baki, a watan Agusta 2022 kuma aka ƙara ɗigon rota na gudawar jarirai. Duk waɗannan ba su nemi uwa ta canza komai ba. Ta zo ranar da ta saba zuwa, an ƙara wa yaron abu, ta tafi. Iri na biyu kuwa sabuwar rana ya buɗe, kuma ranakun sun faɗo a shekarun da Bahaushe ba ya kai lafiyayyen yaro asibiti. A nan jadawalin yake tuntuɓe.

Amma tuntuɓen farko tun ranar haihuwa yake.

Abu uku ake ba jariri da ya faɗo: BCG ta tarin fuka, wadda ke barin lamba a damtse, da ɗigon shan inna, da allurar ciwon hanta. Biyun farko suna da ɗan sarari. Ta hanta ce mai gaggawa, domin amfaninta mafi girma yana cikin awa 24 na farko. Uwa mai ɗauke da ƙwayar cutar, wadda sau da yawa ita kanta ba ta sani ba, tana iya shafa wa jaririn lokacin haihuwa. Babban mutum in ya kamu, mafi yawan lokaci jikinsa kan kore ta. Jariri kuwa, tara cikin goma cutar zama take yi a hantarsu har girma, sai mutum ya kai shekara talatin ko arba'in, yana tsakiyar ƙarfinsa da iyalinsa, ciki ya kumbura a shiga neman wanda ya yi masa sammu. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ita.

To wa ke zuwa asibiti cikin awa 24? Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma haihuwa 16 kacal cikin 100 ake yi a asibiti. Sauran a ɗaki ne, a hannun ungozoma. Mai jego ba ta fita, ana fama da ruwan wanka da kunun kanwa, jariri kuma tsofaffi ba sa son a fita da shi kafin suna. Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne, ba sai uwar ta je ba. Kaka ko gwaggo tana iya naɗe shi a zani ta kai shi ta dawo kafin ruwan wanka ya tafasa. A Sakkwato an taɓa gwada sa wanzamai su riƙa tura jarirai asibiti, tunda babu gidan haihuwar da wanzami ba ya shiga. Dabara ce mai kyau, sai dai wanzami yakan zo ne bayan awa 24 ɗin sun shuɗe, kuma askar da take yawo daga kai zuwa kai ba a dafa ta ba ita ma hanya ce ta wannan cutar.

A nan ya kamata a tsaya a kan wani labari da ya zaga wayoyin mutane. A watan Disamba 2025 kwamitin da ke ba gwamnatin Amurka shawara kan rigakafi, wanda sakataren lafiyar ƙasar Robert F. Kennedy Jr. ya sallami tsofaffin mambobinsa ya naɗa sababbi a watan Yuni na shekarar, ya janye shawarar yi wa kowane jariri allurar hanta ranar haihuwa. Nan da nan aka fara cewa ga shi masu abin sun daina, mu me muke jira? Ƙungiyar likitocin yara ta Amurkan ba ta yarda da matakin ba. Amma ko da an ajiye wannan gefe, sharaɗin da kwamitin ya gindaya shi ne a tabbatar ta gwajin jini cewa uwar ba ta da cutar. A can masu ɗauke da ita ba su kai ɗaya cikin 100 ba, kuma kusan kowace mai ciki ana gwada ta. A nan mata nawa ne suke zuwa awo, balle a yi musu gwajin hanta? Kowace ƙasa da cututtukanta take ɗinka jadawalinta. Shi ya sa ɗan Landan ba a yi masa allurar shawara, ɗan Gusau kuma ake yi masa.

Zuwa na biyu ya fi kowanne dacewa da al'ada, domin sati 6 kwana 42 ne, daidai da gama wankan arba'in, lokacin da mai jego take fara fita gaishe-gaishe. Ranar yaro yana shan allura uku, Penta da ta huhu da ta shan inna, da ɗigo biyu a baki. Uwar da ke riƙe da shi yana tsala ihu dole ta ji abin ya yi yawa. Dalilin haɗa su bai wuce biyu ba. Garkuwar jikin jariri tana haɗuwa da ƙwayoyi iri-iri kullum daga nono da ƙasa da hannun masu ɗaukarsa, biyar a rana ɗaya ba su fi ƙarfinta ba. Sannan duk zuwan da aka ƙara, wasu yaran zubewa suke yi a hanya.

Zubewar kuwa tana da sanadin da kowace ma'aikaciyar asibiti ta sani. Penta tana kawo zazzaɓi da kumburin cinya na kwana ɗaya ko biyu. Yaro ya kwana yana kuka, maigida bai runtsa ba, da safe ya ce, "Kun ɗauki yaro lafiya lau kun dawo min da shi ba lafiya. Kada a sake." Shi ke nan, an rufe babin. A wancan binciken na 2018, yara 65 cikin 100 sun sami Penta ta farko, amma 50 ne suka kai ta uku. Zazzaɓin nan alama ce ta jiki yana koyon aikinsa, kuma farasitamol na yara da shayarwa akai-akai sun ishe shi. Sai dai bayanin uwa ake yi wa, cikin hayaniyar layi, ita kuma ba ita ke da izinin fita ba. Ina ganin da za a riƙa yi wa maza wannan bayanin a majalisa da bakin masallaci tun kafin ranar, da rabin masu zubewar ba su zube ba. Allura ɗaya cikin uku kamar gini ne da aka tsaya a linta. An kashe kuɗi, amma ba a kwana a ciki.

Sai ƙyanda, baƙon dauro, wadda ita ce dalilin zangon wata 15. Jariri yana zuwa duniya da guzurin kariya daga jinin uwarsa. Guzurin yana tsare shi watannin farko, amma kuma yana iya kashe kaifin allurar in an yi ta da wuri. A Turai da Amurka sai yaro ya shekara ake yi masa, lokacin guzurin ya ƙare tas. Mu ba mu da wannan sararin, domin ƙyanda tana yawo a gari, tana kashe 'yan ƙasa da shekara, don haka ake yi a wata 9. Kuɗin wannan gaggawar shi ne, cikin yara 100 da aka yi wa a wata 9, kusan 15 allurar ba ta kama su ba. Katinsu ya nuna an yi, jikinsu kuma a buɗe yake. Ƙyanda kuwa tana cikin cututtukan da suka fi kowace saurin yaɗuwa: mai ita ɗaya yana iya shafa wa mutum 12 zuwa 18 a cikin waɗanda ba su da kariya, kuma sai kusan 95 cikin 100 na yaran gari sun tsaru kafin ta rasa hanyar wucewa. Ko da kowane yaro ya sami ta wata 9, lissafin ba zai cika ba. Ta biyun, wadda aka fara shigarwa daga 2019, aikinta ta kamo waɗancan 15 ɗin.

Wannan ne ma amsar tsohuwar da ke cewa, "Jikana an yi masa allurar, kuma ya yi ƙyandar." Ba ƙarya ta yi ba.

Amma duba inda wata 15 ya faɗo. Yaro yana tafiya, yana cin tuwo, an fara maganar yaye, wataƙila uwar ma ta sami wani cikin. A idon kowa ya fita daga sahun jarirai. Ba shi da wata al'ada da zai jingina da ita kamar yadda sati 6 ya jingina da arba'in. Ga kuma waccan kalmar ta "ya gama" da aka riga aka furta wata shida baya.

Daga Oktoba 2025 allurar ƙyandar kanta ta canza, an haɗa ta da ta rubella, wadda wasu ke kira ƙyandar Jamus. Ga yaro rubella ba komai ba ce, ɗan zazzaɓi ne da ƙuraje na kwana uku. Ɓarnarta a kan mai ƙaramin ciki take. In ta kama mace a watanni ukun farko, mafi yawan lokaci cikin ya zube ko a haifi yaro kurma, ko da yana a ido, ko da lalurar zuciya. Wato ana yi wa yara ne, maza da mata, don kada su kai wa iyayensu da yayyensu masu ciki. Akwai wani tarko a cikinta da ya sa aka daɗe ba a kawo ta ba. In aka yi wa yara kaɗan, cutar ba ta mutu ba, ta dai rage gudu, sai yarinya ta tsallake ta a ƙuruciya ta haɗu da ita tana amarya da ciki, abin da ake gudu ya ƙaru. Saboda haka aka buɗe da gagarumin kamfe na yara sama da miliyan 100, daga wata 9 har shekara 14, a share fagen gaba ɗaya kafin a bar ta a jadawalin yau da kullum. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma tunda an tashi, in aka bar allurar wata 9 da ta wata 15 suka yi rauni, tarkon yana nan yana jira.

Ta maleriya ita ce mutane suka daɗe suna tambaya. An fara ta a Disamba 2024 a Kebbi da Bayelsa, da nufin faɗaɗawa daki-daki. Zaɓen Kebbi ba mamaki, domin binciken maleriya na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kusan rabin ƙananan yaran jihar. Allurar da ake amfani da ita, R21, Jami'ar Oxford ce ta ƙirƙiro ta, kamfanin Serum na Indiya yake sarrafa ta, kuma NAFDAC ta amince da ita tun Afrilu 2023, watanni kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi. Sau huɗu ake yi: wata 5, 6, 7, sai 15. Wato uwa a Argungu ko Yawuri zuwa tara ne a gabanta, inda uwarta ta yi biyar. Kuma dole a faɗi gaskiya, wannan ba irin ta ƙyanda ba ce mai toshe ƙofa kusan gaba ɗaya. Rage yawan kamuwa take yi da tsananin ciwon, ƙarfinta kuma yana raguwa in ba a yi ta huɗun ba. A Ghana da Kenya da Malawi, inda aka gwada 'yar'uwarta RTS,S daga 2019, mace-macen ƙananan yara ya ragu da kashi 13 cikin 100. Ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na maleriyar duniya. Amma in aka bar mutane suka ɗauka an gama da sauro, aka naɗe gidan sauro, aka ƙi maganin da ake rabawa yara da damina, ranar da yaron da aka yi wa allura ya kwanta da zazzaɓi za a ce duk abin yaudara ne.

Duk wannan a takarda ne. A ƙaramin asibitin unguwa ko na ƙauye wani lissafin ake yi. BCG da ta ƙyanda da ta shawara gari ne a kwalba, ana dama su da ruwansu, kuma in an dama, bayan awa shida abin da ya rage zubarwa ake yi. Kwalba ɗaya ta yara goma ce ko ashirin. Ƙa'ida ta ce a buɗe ko don yaro ɗaya, amma ma'aikacin da za a tambaya ina sauran suka tafi yakan gwammace ya ce, "Ki dawo ranar Talata, sai an taru." Matar nan ta nemi izini, ta biya kuɗin acaɓa ko A Daidaita Sahu, ta bar girki da sauran yara. Allurar kyauta ce, zuwan ba kyauta ba ne. Da wuya Talatar ta gan ta.

Akwai kuma abubuwan da ke hana mata dawowa alhali ba su kai su hana ba. Wadda ranarta ta wuce da wata biyu tana jin kunya ko tsoron faɗa, ko ta ɗauka sai an sake daga farko. Ba a sakewa, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Mura ko ɗan ɗumin jiki ko zawo kaɗan ba sa hana allura. Ɓatan kati ma ba ya hanawa. Yaron da ya wuce shekara biyu bai cika ba, har zuwa shekara biyar ana iya cike masa gurbin.

Wani abin da ya ƙara dagula lissafin, mu da kanmu muka koya wa jama'a shi. Shekara ashirin da ɗoriya ana bin gida-gida da ɗigon shan inna, ana shafa wa yara shuɗi a ɗan yatsa, ana rubutu da alli a ƙofa. Aikin ya yi nasara: an ga shan inna na daji, wato na asali, na ƙarshe a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da shi ranar 25 ga Agusta 2020. Amma ya bar mutane da fahimtar cewa rigakafi abu ne da ke sallama a ƙofar gida. Uwa da yawa in ka tambaye ta za ta ce ana yi wa ɗanta kullum, alhali ɗigon kawai yake samu, bai taɓa ganin Penta ba. Su kuma masu tambayar me ya sa har yanzu ake zuwa tunda an ce cutar ta ƙare, tambayarsu tana kan hanya. Ƙwayar da ke cikin ɗigon mai rai ce da aka raunana. A garin da yawancin yara suka tsaru, ba ta da inda za ta. A garin da ba su tsaru ba, ga bahaya a fili, tana iya yawo daga ciki zuwa ciki tsawon watanni har ta dawo da ƙarfinta ta shanye ƙafa. A 2021 yara sama da 400 irin wannan ya shafa a Najeriya. Shi ya sa a shekarar aka mayar da allurar shan inna sau biyu, a sati 6 da sati 14, kuma ita sai an je asibiti.

Ba a maganar rigakafi a Arewa a tsallake 1996. A shekarar sanƙarau ya kashe mutum sama da 11,000 a Najeriya, kuma a tsakiyar annobar kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara a Asibitin Zana na Kano. Cikin yara 200 da aka sa a gwajin, 11 sun rasu, wasu sun nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Trovan magani ne, ba rigakafi ba ne, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da aka zo 2003 aka ce ɗigon shan inna yana hana haihuwa, ƙasar a jiƙe take. Kano ta dakatar da shi har Yuli 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, a 2006 kuma yaran Najeriya sama da 1,100 ta kama. Abin da ya gyara lamarin shi ne shigowar sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar daga 2009, lokacin Muhammad Ali Pate, wanda ya zama ministan lafiya a 2023, yana shugabantar NPHCDA. Mutane sun yarda ne da suka ga hakimi da liman sun miƙa nasu 'ya'yan.

Da wannan tarihin a baya aka zo a Oktoba 2023 aka ce ga allura ta 'yan mata zalla, masu shekara 9 zuwa 14. Ko ba a faɗa ba ka san abin da za a ce. Allurar HPV ce, ta sankarar bakin mahaifa, cutar da a 2020 aka ƙiyasta ta kama mata 12,000 a Najeriya ta kashe 8,000. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ita ya san irin mutuwar: zubar jini, wari, da kunyar da ke hana mace faɗa har sai abu ya ci ƙarfi. Ƙwayar da ke jawo ta ta hanyar saduwa take yaɗuwa, kuma a nan ne wasu iyaye suke tsayawa su ce 'yarsu ba 'yar iska ba ce. Wannan kuskuren fahimta ne. Ƙwayar ta zama ruwan dare, yawanci ba ta nuna alama, namiji yana ɗauke da ita bai sani ba, kuma a cikin aure na sunna ma tana wucewa. A al'ummar da ake auren bazawara da bazawari, ake zama da mata biyu ko uku, yarinyar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya samunta a ɗakinta. Sankarar kuma sai bayan shekara 15 ko 20 take bayyana, tana da 'ya'ya biyar ko shida.

Allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, shi ya sa ake yi tun kafin aure, kuma a wannan shekarun jiki ya fi karɓarta. A Arewa maso Yamma, inda rabin mata suke aure kafin ko wajen shekara 16, shekara 9 ba gaggawa ba ce. Sau ɗaya ake yi, bisa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2022 cewa ɗaya ta wadatar a wannan shekarun. Maganar hana haihuwa kuwa, tun 2006 ake amfani da allurar, Malesiya ta sa ta a makarantunta tun 2010, kuma 'yan matan farko da aka yi wa sun daɗe da zama iyaye. A Ingila, waɗanda aka yi wa suna shekara 12 zuwa 13, sankarar ta ragu a cikinsu da kusan kashi 87 cikin 100.

Kamfen ya kai ga 'yan mata sama da miliyan 12, abin da ya ba masu hasashen faɗuwarsa mamaki. Sai dai kamfe biki ne, ana yi a watse. Yanzu allurar ta koma jadawalin kullum, kowace shekara sababbin 'yan shekara 9 ake nema. A Kudu makarantar firamare za ta tattaro su. A nan, 'yar shekara 9 da yawa tana bakin titi da farantin talla, ko tana Islamiyya da yamma. In ba a shiga Islamiyyun nan da yardar malamansu ba, ban ga inda za a same su ba.

Rami mafi girma a jadawalin kuwa mashaƙo ne ya tona shi. Daga ƙarshen 2022 cutar da likitoci matasa da yawa ba su taɓa gani da idonsu ba ta dawo, Kano ce cibiyarta, ta taɓa Yobe da Katsina da Borno da Bauchi, ta bayyana har a yankin Damagaram. Dubbai sun kamu, sama da dubu sun rasu. Wani farin fata ne yake tsirowa a maƙogwaro ya toshe numfashi, dafin ƙwayar kuma ya taɓa zuciya. Mafi yawan waɗanda ta kama ba jarirai ba ne, yara ne da suka tasa, har zuwa 'yan shekara 14, kuma galibinsu ba su cika Penta ba ko ba su taɓa samu ba. Bashin shekarun baya ne ya zo karɓa. Har yau Najeriya tana da yara sama da miliyan 2 da ba su sami ko Penta ta farko ba, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya.

Amma ko wanda ya cika ukun, kariyar mashaƙo tana dusashewa da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙarin allura uku: a shekara ta biyu, tsakanin shekara 4 da 7, sai tsakanin 9 da 15. Lokacin da annobar ta ɓarke babu ko ɗaya daga cikinsu a jadawalinmu. Mace takan sami ta tetanus da mashaƙo in ta je awon ciki. Namiji ba ya samun komai. Ƙara su kuma kuɗi ne, a daidai lokacin da aljihun ke tsukewa. Ƙawancen Gavi, wanda ke tallafa wa sayen yawancin sababbin alluran nan, yarjejeniyarsa da Najeriya 2028 za ta ƙare, Amurka kuma ta sanar a Yuni 2025 cewa ta daina zuba masa kuɗi. Kowane layi da aka ƙara a katin, nan gaba kaɗan daga baitulmalin ƙasa za a biya shi.

Sanƙarau ma labarinsa ya yi kama da haka. Allurar da ke jadawalin wata 9 tun 2019 nau'in A take tarewa, kuma tun a kamfen da aka yi da ita shekaru kafin nan ta kusan shafe shi. Sai nau'in C ya taso, ya kashe sama da mutum 1,000 a 2017, Zamfara da Sakkwato suka fi ɗanɗanawa. A Maris 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allura mai tare nau'i biyar, amma a kamfen gaggawa ne, a wuraren da cutar ta riga ta ɓulla kamar Jigawa da Yobe da Bauchi.

Mashaƙo da sanƙarau duka cututtukan cunkoso ne, na ɗakin da mutum ashirin suke kwana suna shaƙar numfashin juna a sanyin hunturu da zafin bazara. Wanda ya fi kowa zama a irin wannan ɗakin shi ne yaron da aka ɗauko daga ƙauye yana shekara 6 ko 7 aka kawo shi tsangaya, sai ɗan makarantar kwana. Malaminsa ya san sunan mahaifinsa, ya san garinsu, ya san izun da ya kai. Ko an yi masa Penta uku, ko ɗaya, ko ba a yi ba, wannan babu wanda ya tambaya ranar da aka kawo shi, kuma katin, in akwai shi, yana can wajen uwarsa. Ƙanwarsa aƙalla an sa mata rana a shekara 9. Shi nasa jadawalin a wata 15 ya rufe.